Randar da Tani Ta Bari a Rana

Duk macen da ta yi aure a Madarumfa tun daga shekarar samun 'yancin kai har zuwa shekarun fari, da wuya in ba hannun Tani ne ya jera mata ɗaki ba. Tani 'yar gajeruwa ce, mai ƙarancin magana, matar Illo masunci. Takan tsaya bakin ƙofar amarya ta ƙare wa ɗakin kallo, sannan ta ce a ja gado nan, manyan kwanonin fenti ƙasa, ƙanana bisa, ƙore da faya-fayai can jikin bango. Inda ta ajiye abu ranar farko kuwa, nan yake tsufa, don ba mai iya canza masa wuri ya yi kyau.

Doka ɗaya gare ta da kowace amarya ta haddace: randa ba ta zama a rana. Amma ku ji abin mamaki, a gidan ita Tani akwai wata tsohuwar randa a kusurwar gabas, inda ba rumfa ba itace. Kullum sai ta cika ta, ruwan yana tsattsafowa yana jiƙa ƙasa. In an tambaye ta, sai ta ce, "Nan ta saba."

Ga dalilin. 'Yar farin Tani ta rasu jim kaɗan bayan suna, Illo ya rufe ta a cikin gida, yadda ake yi wa jarirai a da. To, kun san kunyar ɗan fari. Tani ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta yi kuka gaban mutane ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba. Randa kawai ta kai ta girke a gefen wurin, don kada ƙafa ta taka, ƙasar kuma ta riƙa yin sanyi.

Da fari ya zo, gero ya ƙi, tabki ya ja da baya, Illo kuma ya kwanta bai tashi ba. Ɗansu Shu'aibu, da ke tuƙa babbar mota a Ɗan Issa, ya zo ya ce, "Inna, ba ki zama ke kaɗai. A saida gidan ki taho wajena."

Ba ta musa ba. Ita da ta gyara ɗakunan garin nan kaf, ta shiga gyaran nata don wani ya saye. Aka yi wa katanga yaɓe, ta sake daɓen tsakar gida, ta shafe ɗakuna da farar ƙasa. Ta janye gadon ƙarfe daga bakin taga don haske ya shiga, ta rage kwanoni don ɗakin ya ƙara faɗi, ta tura komar Illo ƙarƙashin gado. Shu'aibu ya ga randa ta tare fili, ya mirgina ta zuwa inuwar rumbu. Da safe ya tarar ta koma wurinta.

"Inna, randar nan ƙafa gare ta?"

"Ka bar ta."

"Filin nan fa shi za ya saida gidan. Alhassan mai gyaɗa zai saya, mangazar ajiyar kaya yake so ya gina, nan za a haƙa tushe."

Shu'aibu bai san yana da yaya a kusurwar nan ba. Wanda ya sani ya tafi. Tani ta buɗe baki ta faɗa masa, maganar ta ƙi fita. Sai ta yi abin da ta iya. Ta jawo turmi da dutsen niƙa ta jera kusa da randar, ta shimfiɗa tabarma, wai ko mai saye ya ga wurin aikin mata ne ya haƙura.

Alhassan ya zo, ya yaba daɓe, ya yaba katanga, ya nufi kusurwar gabas yana awo da ƙafa. "Wannan tarkace a kwashe shi," in ji shi, ya fita zaure da Shu'aibu.

Balaraba matar Alhassan, da suka zo tare, ta tsaya. Tani ce ta yi mata jere tana amarya. Ta dubi randar, ta dubi rana, ta dubi tsohuwar.

"Iya, ke da bakinki kika ce mini randa ba ta zama a rana."

"Na ce."

"To wannan fa?"

Tani ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Can ta ce, "Ba don masu sha take nan ba, ɗiyata."

Balaraba ma ta taɓa haihuwa ta rufe. Ta matsa da ƙafarta baya daga kan ƙasar mai danshi, a hankali ta ce, "Na fari?"

Tani ta gyaɗa kai. Hawayen da ta riƙe tun tana yarinya suka zubo, ba ta share ba.

Balaraba ta leƙa zaure. "Maigida, mangazar nan a kai ta yamma, bakin hanya. Kusurwar gabas tawa ce."

"Don mi?"

"Zancen mata ne. Ko ni ina zuwa kasuwa in gaya maka farashin gyaɗa?"

Alhassan ya yi ta ƙunƙuni, ya ce yamma ta fi ƙunci, amma da ya ga fuskar matarsa sai ya bari.

Ranar tafiya aka loda gado da kwanoni da komar Illo a motar Shu'aibu. Tani ta ɗebo ruwa ta cika randar har baki, ta rufe da faifai, ta miƙa wa Balaraba moɗa.

"Tana yoyo ta gindi. Kada ki liƙe."

"Ba na liƙewa, Iya."

Tani ta yi 'yan shekaru a Ɗan Issa, can Allah ya karɓi abinsa. Ba ta sake yin jere ba. Amma duk ranar da motar Madarumfa ta tsaya, takan aika a tambayo ko Balaraba na lafiya, da kuma ko akwai ruwa a gidan.