Ranar da Na Gyara wa Maigidana Katunansa

Ƙarar faɗuwar wani gwangwanin biskit daga kan kanta ce mafarin komai. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina matar aure mai 'ya ɗaya a Kabara, mai ji da takardar sakandarenta, wadda ba ta iya ganin abu a hargitse ta wuce.

Maigidana likitan haƙori ne. Ya daɗe yana rubutu kan ciwon dasashi a bakin masu cin goro, zai aika wa wata mujallar likitocin haƙori, kuma ƙarin girmansa a wurin aiki ya rataya a kan fitowarsa. Duk littafin da ya ɗauko magana daga ciki sai ya rubuta sunansa a ɗan kati ya jera a gwangwanin nan. Ina shara na ture shi, katunan suka watse har ƙarƙashin gado. Na yi salati, na tsince su, na jera su daga A zuwa Z yadda aka koya mana a laburaren makaranta. Har daɗi na ji, wai na taimaki bawan Allah. Ban faɗa masa ba.

Ashe mujallar ba ta bin haruffa. Wanda aka fara ambata a cikin rubutu shi ne na ɗaya, mai bi masa na biyu, kuma jerin da na rushe shi ne lambobin. Haka maigidana ya kai wa mai buga takardu rubutun da katunan, aka buga, aka aika.

Rubutun ya dawo da jan biro. Inda ya yi maganar dattawa masu cin goro, lambar ta nuna littafin haƙoran jarirai. Ya sa hula a fusace, ya ce yau shi da mai bugun nan ne. Sai tausayin mutumin ya kama ni, ga tsoron haƙƙi. Na tare ƙofa na faɗi gaskiya. Ya dube ni ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa, ya ce ashe farfesa yake aure bai sani ba. Muka baje katunan a tabarma, yana karanto rubutun ina miƙo masa kati, har kowanne ya koma gurbinsa. Alhamdu lillahi, mujallar ta karɓa.

'Yan'uwana mata, ba duk abin da ya yi kama da hargitsi ne hargitsi ba. Ku tambaya kafin ku gyara, in kuma kun taɓa, ku faɗa da wuri, kada a ɗora wa wani laifinku.

Bayan nan gwangwanin ya sake faɗowa. Na sunkuya ke nan sai 'yata ta riƙe mini zane ta ce, "Umma, don Allah kar ki taimaka masa. Bari Abba ya dawo."