Wayar da Ta Ratsa Burtali

Shekarar da muka haƙa rijiyar burtsatse a lambunmu, can tsakanin Ringim da Taura, wutar lantarki tana bakin titi, rijiya tana gangare, burtali ya raba su. Ba a kafa falwaya a hanyar shanu, dole a binne waya.

Da sayen igiyar guga na saba, kuma yadda nake zaɓen igiya haka na zaɓi waya a Dutse. Na duba kauri, na ja ta da hannu biyu, ba ta ko motsa ba, na yi hamdala na taho.

Taubashina, ɗan kawuna, shi ne mai aikin lantarki. Ya zo da hantsi, ya karanta rubutun jikin wayar, ya ajiye.

"Malam, jaki za ka ɗaure da ita?"

"Kai dai ba ka iya yabo ba. Dubi kaurinta."

"Tagullar ciki ba laifi," in ji shi. "Rigar robar ce ba ta isa ba. Ƙarfin wutar da aka rubuta mata ɗari uku da ɗari biyar ne, ta cikin gini ce. Ta binnewa ana son mai ɗari shida da dubu, riga biyu da sulken ƙarfe. Ka binne wannan, gara ta ci, ruwan damina ya shiga, ƙasar kanta ta ɗauki wuta. Saniya kuwa ba ta sa takalmi."

Hankalina yana kan irin tumatir da ya fara laushi. Na roƙe shi mu binne ta na wata biyu kawai. Ya ce in nemi wani, shi ba zai sa hannu ba, tunda shanun maƙwabcinmu Bafulatani nan suke bi safe da yamma.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na ɗauko alƙalami, yana faɗin irin wayar da ake so ina rubutawa da ajami a bayan jadawalin salla. Da takardar na koma Dutse, mai shago ya canza mini.

Kwana huɗu muna haƙa rami mai zurfi. Aka shimfiɗa yashi, aka kwantar da waya, aka jera bulo a kanta kafin a rufe. Kafin ruwa ya fito, rabin irin ya bushe.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya kwanta a burtalin har idon sawu. Wata safiya ina tsaye bakin shinge, sai ga garken maƙwabcina, matarsa tana biye da ƙwaryar nono, takalmanta a hannu. Suka taka daidai inda wayar take, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo har saniyar ƙarshe ta haye. Matar ta gaishe ni ta wuce, ba ta san komai ba.

Na daɗe a wurin ina gode wa Allah. Daga baya na aika wa taubashina kwandon tumatir. Ya aiko cewa kwandon ya yi ƙarami.