Wardin Da Ba A Shinshinawa

A garin Ƙamsar, inda ake noman furen wardi, idan aka miƙa wa mutum fure ba ya tsayawa dubansa, hanci yake kai shi. Haka kakanni suka yi, haka Yadolla, wanda ake kira Usta don gwanintarsa a sana'a, ya taso ya tarar.

Ya gaji tukwanen tagulla na mahaifinsa a rumfar da ke bakin rafi, tun zamanin da jakuna ne ke kawo fure daga gonaki. Aikin a baki ba shi da wuya. Mata su tsinko wardi kafin rana ta yi zafi, maza su zuba shi a tukunya da ruwa, a liƙe murfi da tsumma da laka, a hura wuta. Tururi ya bi bututun kara ya sauka cikin tulun da aka nutsar a ruwan rafi mai sanyi, ya zama ruwan wardi mai ƙanshi. Abin da ba ya koyuwa da baki shi ne lokacin janye itace. Wuta ta ɗan wuce kima, furen gindin tukunya ya kama, ƙauri ya shiga ruwan, aikin ranar ya lalace. Yadolla yakan zauna bakin ƙofa da kofin shayi, ya ba tukwane baya, hancinsa kaɗai ke gadinsu.

Sanyin wata shekara, bayan ya tsufa, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Da ya tashi sai ya tarar duniya ba ta da ƙanshi. Burodi mai zafi da busasshen itace duk ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Da watan Mayu ya gabato, gonarsa ta cika da toho, sai ya ce bana ba zai hura wuta ba, har ya yi magana da wani maƙwabci ya zo ranar Asabar ya tumɓuke itatuwan wardin. Wai gwiwoyinsa ne suka gaza.

"Gwiwa?" in ji matarsa Shaukat. "Kai da na gani jiya a kan rufi kana gyaran indararo kamar ɗan akuya?"

'Yarsu Farzane tana aiki a gidan binciken sararin sama da aka gina bisa dutsen da ke bayan gari. Mutanen unguwa sukan ce gadin taurari take yi. Ranar Jumma'ar nan ta zo da wasu manyan hotuna a nannaɗe, bayan cin abincin rana ta warware ɗaya a kan darduma a tsakar gida, ta danne kusurwoyinsa da kofuna.

Wardi ne ja, buɗaɗɗe, ganye bisa ganye, a kan baƙin fili mai ɗigo-ɗigon haske. Yadolla ya ture kofunan, ya ɗaga hoton da hannu biyu, ya kai hancinsa, ya ja numfashi.

Shaukat ta ƙyalƙyale da dariya. "Tsoho, takarda ce fa!"

Ya sauke da sauri, kunya ta kama shi. "Gonar wa ce wannan? Ba irin namu ba ne, namu bai kai haka ja ba."

"Ba a ƙasa yake ba, Baba," in ji Farzane. "A sama yake. Gajimare ne na ƙura da iska mai ƙuna, can tsakanin taurari. Ido ba ya ganinsa sai da madubin hangen nesa."

"Kar ki yi wa ubanki wasan yara."

"Wallahi, Baba. Ka ga ramin nan na tsakiya? Sababbin taurari ne aka haifa a ciki, zafinsu ya ture ƙurar gefe, shi ya sa ya buɗe haka."

"Girmansa fa? Ya kai gonata?"

Ta yi murmushi. "Haske da kansa, wanda babu abin da ya kai shi gudu, sai ya yi fiye da shekara ɗari kafin ya ƙetare shi daga wannan ganye zuwa wancan. Wannan hasken da muka kama kuwa, ya baro can tun shekaru dubbai."

Ta nuna masa hoton wani shuɗi kamar furen bakin ruwa, da wani mai kama da jan furen da ke fitowa a gangaren dutse idan ƙanƙara ta narke. Ya dube su, amma hannunsa bai saki na farko ba.

"'Yar Baba, ƙanshinsa fa?"

"Babu wanda ya taɓa ji. Babu iska tsakaninmu da shi da za ta kawo."

"Ko mutum ɗaya? Tun da aka halicce shi?"

"Ko ɗaya."

"Kuma ba mai tsinkarsa."

"Babu, Baba."

"To wa aka yi wa shi?"

Farzane ta tattara kofunan da ya ture. Ba a koya mata wannan ba.

Ya matso da hoton cikin hasken rana. Ya ga jan ba ɗaya ba ne: wani wuri kamar garwashi, wani wuri ya dushe kamar kumatun jariri. Ya ga baƙaƙen jijiyoyi suna ratsa shi kamar reshe mai ƙaya. Ya shinshina fure duk rayuwarsa, ya zuba shi buhu-buhu a tukunya, bai taɓa sanin yadda ganyensa ke kwanciya bisa juna ba. Ga shi Mai halitta ya shuka wanda ya fi duniya girma, ya bar shi a buɗe shekaru dubbai, babu hanci ko ɗaya a kusa, kuma bai tumɓuke shi ba.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. Sannan, ba tare da ya ɗaga kai ba: "Shaukat, hancina ya mutu."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar da ƙanzon shinkafa ya ƙone ƙurmus, ka cinye ka ce na iya girki. Tun da muka yi aure yaushe ka taɓa cewa haka?"

Farzane ta toshe baki da gyale tana ɓoye dariya.

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ina jira in ga inda ƙaryar gwiwa za ta kai ka. Ji nan, Usta, daga ɗakin girki nake jin tukwanenka suna neman kamawa, sau da yawa kafin kai ka motsa. Ka riƙe wutarka, ni in zauna a ƙofa."

"Mace a rumfar tukwane? Mutane su ce me?"

"Su ce Usta ya yi dacen aure. Ka tashi ka je ka sallami mai tumɓuke gonar nan kafin la'asar."

Ya tashi ya je. Tukunyar farko ta shekarar ta yi ƙauri, domin ta ce a rage wuta ya tsaya gardama. Daga ranar bai ƙara musu ba, ruwan kuwa ya fito garau har ƙarshen kaka.

Abu ɗaya ya canza a gonar wanda masu tsinka suka daɗe suna yi wa tsegumi. Ya ware layin da ke gefen gabas ya hana a taɓa shi. A garin da ba a barin wardi ya ga tsakar rana, nasa yakan buɗe sosai, ya yi kwanakinsa, ya zube da kansa. Da hantsi akan same shi tsugune a can, tabarau a kan hanci, yana leƙa cikin fure ɗaya har shayinsa ya huce.

Usta Yadolla ya rasu, Shaukat ma ta bi shi. Tukwanen suna hannun ɗan ƙaninsa yanzu, kuma da gas ake hura su. Layin gabas dai har yau ba a tsinkarsa, ko da yake matan da ke wucewa da buhunansu yawancinsu ba su san dalili ba.