Tambarin Barewa a Kan Turbar Raƙuma

Likita ne ya kore ni zuwa duwatsu. Ya ce sukari ya fara leƙowa, ko in riƙa tafiyar ƙafa ko in fara shan magani. Ni da nake aikin gwajin jini a asibiti, na san ba tsorata ni yake ba. A unguwar Ulaisha ta Riyad kuwa, inda nake zaune, ba wurin tafiya sai tsakanin motoci. Maƙwabcina, wani dattijon safiyo mutumin Funtuwa, shi ya fara ɗaukata a motarsa ranar Juma'a bayan asuba, lokacin sanyi, mu nufi duwatsun yammacin Riyad mu dawo kafin masallaci.

Shi ya nuna mini taswirar nan ta intanet da kowa ke iya ƙara mata abu, kowa kuma ya ɗauka kyauta. Na kamu da sonta fiye da shi. Sai in kunna waya ta bi sawuna, in na dawo gida in zana inda muka bi. Ƙa'idar masu taswirar ba ta da wuya: abin da ka gani a ƙasa da idonka shi za ka sa, ba ka kwafo daga taswirar wani.

Akwai zagayen da muka fi so. Ya hau ta wani kwari, ya bi gefen dutse, ya sauko ta tsohuwar turbar raƙuma. An zana kan barewa da jan fenti a kan duwatsu, a bakin hanya kuma ga allo da suna. Na zana zagayen dukansa, na sa masa sunan da ke allon.

Wata safiya muka tarar da wani matashi ɗan ƙasa yana zuba wa baƙin da yake yi wa jagora gahawa, da kan barewar nan a ƙirjin rigarsa. Ya miƙo mana dabino, ya tambayi abin da nake yi da waya. Na nuna masa da alfahari. Nan take fuskarsa ta canza.

"Ashe kai ne! Ya akhi, wannan hanyar kamfaninmu ce. Mun yi wa sunan rajista, tambarin ma haka. Yanzu mutane na zuwa da wayoyinsu, ba sa nemanmu."

Na ce masa, "Turbar nan ta girme ni ta girme ka. Da ƙafata na bi ta, ban taɓa buɗe taswirarku ba."

"Turbar ta girme ni," in ji shi, "amma wa ya haɗa ta da kwarin? Hanyoyi ne daban-daban, wasu ma ba sa bullewa. Ni da ɗan'uwana muka yi ta ɓata kafin muka gano yadda za a zagayo. Mu muka ɗauko fenti a bayanmu."

Muka rabu ba faɗa, ba kuma shiri.

A mota dattijon ya ce, "Malam, goge abin gaba ɗaya. Iƙama, takardar izinin zama, ita ke riƙe da mu a ƙasar nan, me ya kai ka ja da ɗan gida?"

"Alhaji, in na goge turbar na yi wa taswira ƙarya, ai tana nan a ƙasa. Amma yaron yana da tasa gaskiyar."

Da yamma na zauna na raba nasa da na kowa. Na cire sunan. Na warware zagayen da suka haɗa, domin zaɓin a bi nan a juya can aikinsu ne. Na bar kwarin a matsayin kwari, turbar raƙuma a matsayin turba, kowace da kanta, yadda makiyayi zai same su. Na rubuta wa 'yan'uwa masu taswirar dalilina. Wani a cikinsu ya ce na yi sanyi da yawa, sunan da ke kan allo kowa na iya rubuta shi. Wataƙila haka doka take a ƙasarsa. Ni dai na ga mai sunan ido da ido, ya ce ba ya so.

Bayan 'yan makonni muka sake haɗuwa da matashin a bakin kwarin. Na miƙa masa wayar ya duba. Ya daɗe yana jan taswirar da yatsa.

"Har yanzu mai wayo zai iya haɗa su da kansa," ya ce.

"Zai iya. Shi ma sai ya ɓata kamar yadda kuka ɓata."

Ya yi dariya, ba wata mai yawa ba. Sannan ya ɗora yatsa a gefen dutsen ya ce ruwan bana ya zabtare wajen nan, in sa alamar haɗari, kada wani ya zo shi kaɗai ya faɗa. Muka hau tare ya nuna mini ramin, na sa alamar tun muna tsaye a bakinsa.