Tauraron Hajjo a Ƙarƙashin Fenti

Har yau in na ji ƙamshin masara a garwashi, sai in tuna ƙofar ɗakin Kaka Dudu a Lamorde, sai kuma raina ya ɓaci. Da kaina nake fushi.

Ƙofar ta maɗaci ce, kakanmu ya sassaƙa ta. Duk jikan da aka haifa, Kaka kan sa wuƙa ta yi masa alama a jikin katakon. Tawa kifi ce, ta ƙanwata Hajjo tauraro. Da an idar da magariba sai mu taru a gindin ƙofar, tana juya masara a wuta.

"Ku matso, ga ta ta gasu," in ji ta. "Kai Buba, ɓarawo, cire hannunka daga masarata!"

Tatsuniyar da ta fi so ta wani gari ce, inda magabata suka zana hanyar wata rijiyar cikin dutse a jikin ƙofar gari. Wani saurayi mai son kwalliya ya shafe ƙofar da jar ƙasa, kowa ya yaba. Da fari ya zo, rafi ya ƙafe, sai mutane suka rugo da fartanya suna kankara. Garaje ya sa suka kankare ƙasar har da zanen. Garin ya watse.

"To, wa ya kashe garin?"

"Saurayin!"

Sai ta ja tsaki. "Masu fartanya fa?"

Na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba. Amma da zan yi aure, bayan rasuwarta, ni na lafta wa ƙofar shuɗin fenti, wai kada dangin amarya su raina gidanmu. Kowace sallah kuma in ƙara wani a kai.

Bara Hajjo ta rasu. 'Yarta Maryamu ta zo daga Duvu ta ce, "Kawu, nuna mini tauraron Inna." Kunya ta rufe ni. Washegari na kira kafinta ya kankare fentin.

"Baba, wannan sai da fasasshiyar kwalba, a hankali," ya ce. "Zai ci sati biyu."

"Sati biyu? Sa inji, malam!"

Ya sa. Kafin in daka masa tsawa, injin ya cinye kifina da alamar 'yan'uwana biyu. Sai farin katako sumul. Wane irin tsohon banza ne ni? A tatsuniya mutane daban-daban suka yi laifin nan biyu, ni kuwa ni kaɗai na haɗa su.

Yanzu kowace safiya ina zaune da guntun kwalba, ina kankara kaɗan-kaɗan, yatsuna duk yanka. Sai da na tsufa na gane abin da Kaka ke nufi: mai gaggawar gyara ma yana kashe gari.

Jiya tsini uku na tauraron suka fito. Na aika wa Maryamu cewa kada ta zo tukuna. Saura biyu, kuma ba zan yi sauri ba.