Malam Habu da Bokitin Ban-ruwa

Ina kan keken ɗinki a shagona na Sabon Gari, bayan Azahar, ƙanwata ta kira ni ta ce Malam Habu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsayar da keken, na daɗe zaune da rigar mutane a cinyata.

Malam Habu shi ne malamin ba da shawara a ƙaramar sakandaren da na yi a nan Wudil. Ina aji biyu mahaifina ya rasu. Karatu ya daina shiga kaina, wasu manyan yara suka koya mini shan maganin tari, muna juye shi a robar lemo. Ranar da aka kama ni da robar, na san abin da ke jirana: bulala a gaban ɗalibai, a kira iyaye, sannan kora. Korar ba ta tayar mini da hankali kamar Inna ba, wadda ko takaba ba ta gama ba.

Malam ya karɓi robar, ya shiga wurin shugaban makaranta, ya jima a ciki. Da ya fito, bokiti ya miƙo mini, ya ce, "Zo ka taya ni ban-ruwa."

Haka yake aikinsa. Ba ya kiran ɗalibi ofis, don ya ce duk yaron da aka ga ya fito daga can, an gama sa masa suna. Zogale ya shuka a bayan ɗakin malamai, kowa kuma ya ɗauka ban-ruwan horo ne. Yana zubawa kana zubawa, ba ya kallon fuskarka. Sai a kwana na huɗu ya ce, "Nasiru, tun da Babanka ya rasu, wa ka yi zancensa da shi?" Na ce ba kowa. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yakan ce, "Ba robar nake bi ba, abin da ya kai ka gare ta nake nema." A kan babur ɗinsa ya kai ni wurin likita. Sau biyu na koma wa sha, na zo kaina a sunkuye, ya ce, "Jiya ka faɗi, yau ka zo. Ɗauki bokiti."

Abu ɗaya na roƙe shi, kada Inna ta ji. Ya ce, "Daga bakinka ya fi dacewa ta ji." Na ɗauka ya amince ke nan. Na gama makaranta, na yi aure, ban taɓa faɗa mata ba, kuma abin bai daina cina ba.

Da muka binne Malam muka dawo daga maƙabarta na wuce gida, na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Ba ta ajiye faifan da ke hannunta ba.

Ta ce, "Na sani. A makon da aka kama ka Malam ya zo shi da matarsa. Ya ce kada in yi maka faɗa, in riƙa zama kusa da kai in kana cin abinci, in jira ranar da za ka faɗa da kanka. Na jira, Nasiru. Ka dai daɗe."

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya rufa masa asiri ranar hisabi kamar yadda ya rufa mana, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya 'ya'yansa, Ya haɗa su da mai tsaya musu yadda ya tsaya wa 'ya'yan wasu. Amin.