Ƙasar Tsohon Gidanmu

A shekarar da aka faɗaɗa titin da ya ratsa ƙauyenmu, katafila ta rushe zaurenmu da ɗakuna uku kafin azahar. Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu. Gero ya yi tsada, siminti kuwa ko zancensa ba a yi.

Masu tifa suka zo kwashe ɓaraguzan, wai za a kai Rijiyar Zaki a yi ciko. Baba ya hau kan tulin ƙasar, ya dogara sandarsa.

Ya ce, "Ba inda za ta je. Kakana ne ya kwaɓa ta, da ita zan sake gini."

Muka yi ta jigilarta a amalanke zuwa gefen gonarmu. Mu farfasa, mu tsince ƙusoshi, mu jiƙa, mu tattaka da ciyawa har ƙafafunmu suka yi faso. Matata da Inna suna jawo ruwa a rijiya. Baba yana zaune yana mulmula tubali, yana jerawa a rana. Azarar da ba ta karye ba muka ware ta, kwanon rufi muka miƙe shi da guduma, muka toshe hujojin da kwalta.

Ɗaki biyu suka tashi. Ba mu kai ga yaɓe ba damina ta sauka da ƙarfi. Wata safiya muna gona muka ji rugugi, ashe bangon gabas ne ya zube. Allah ya kiyaye, babu kowa a ciki. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "A sake jiƙawa."

Muka sake. Wannan karon ginin ya tsaya, har Inna ta yi daɓe. Damina ɗaya muka ci a ciki.

Bayan girbi sai ga masu awo. Suka ce an yanka gonakin yankin fuloti-fuloti. Suka kafa dutsen shaida daidai ƙofar ɗakin Baba, suka ce mu tashi, za a rushe.

Na ce, "Baba, yanzu kuma ina za mu kai ƙasar?"

Ya dubi hannayensa. Ya ce, "Ku bar musu. Na gaji."

Bai ga rushewar ba, ya rasu da azumi. Inna ta koma wajen ƙanenta a Dawakin Tofa, matata da yara suka tafi gidan iyayenta kafin in samu wuri. Ni na shigo birni leburanci, ina kwana a shagon wani ɗan garinmu. Har yau ban samu wurin ba.